Tantin saman mota mai murfi: me ke ɗaga shi, kuma Hilux za ta ɗauka?

"Assalamu alaikum. Aikina gwajin ƙasa ne kafin a haƙa rijiyar burtsatse, kuma yawancin aikin a ƙauyukan Taraba da Adamawa yake, inda wani lokaci sai mu kwana uku ko huɗu ba mu ga masauki ba. Motata Hilux ce mai ƙofa huɗu. Na ga bidiyon wani tanti da ake ɗorawa a saman mota, a rufe kamar akwati, mutum ya ɓalle sakata ya ɗan tura shi sai ya tashi da kansa. Me ke ɗaga shi? Rufin mota ba zai lotsa ba idan ƙarti biyu suka hau? Kuma zai jure gargada da ƙura da zafi irin namu, ko dai kayan Turawa ne kawai?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya taimaka, ya sa a riƙa dacewa da ruwa. Tambayoyinka uku ne: abin da ke ɗaga murfin, ko rufi zai ɗauki mutane, da ko abin zai yi ƙarko a hanyoyinmu. Duk zan taɓa su, amma tun yanzu in gaya maka, wadda ta fi ba ka tsoro, wato ƙarti biyu a kan rufi, ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin dubawa shi ne halin da akwatin nan mai kilo 70 ke shiga lokacin da mota ke gudu a kan burji babu kowa a cikinsa. Na daɗe ina ɗaura wa motocin shiga daji kariya, wato ƙarafan ɗora kaya a rufin mota, da tankin ruwa da irin waɗannan tantuna, kuma kusan duk ɓarnar da aka dawo mini da ita a kan hanya ta faru, ba a wurin kwana ba.

Gaskiya ne daga Turai abin ya fito. A Italiya aka fara sayar da shi wajen 1958, lokacin da masu ƙaramin ƙarfi a can suka fara mallakar ƙananan motoci, suna son yawon hutu ba tare da biyan kuɗin otal ba. Iri biyu ne suka yi suna: Air-Camping, wanda ake naɗewa a lulluɓe da tamfol, da Maggiolina mai murfi mai tauri, wanda shi ne kakan wanda ka gani. Kamfanin Autohome na can har yau yana ƙera su. Amma inda abin ya samu gindin zama sosai shi ne Afirka ta Kudu da Ostireliya, masu dogayen hanyoyin burji da rana da ƙura. A Namibiya da Botswana, baƙon da ya je hayar motar shiga daji galibi Hilux ake ba shi da tanti a samanta. Alu-Cab da Eezi-Awn na Afirka ta Kudu don irin wannan hanya suke ƙera nasu. To ka ga akwai wanda aka yi don kwalta da hutun kwana biyu, akwai wanda aka yi don wahala, kuma a bidiyo duk kamarsu ɗaya.

Abin da ke cikin akwatin

Gindi ne da murfi, sai yadi a tsakaninsu. Gindin shi ne daɓen da ake kwanciya a kai, shi ake ɗaurewa da kariya. A kansa akwai katifar soso, kaurinta daga santimita 5 zuwa 8. Yadin da ke zama bango an maƙala shi a gefen gindi da gefen murfi. Idan murfi ya tashi sai ya miƙe ya ɗame, idan ya sauka sai ya naɗe a ciki. Bakin murfin an zagaye shi da roba irin ta ƙofar mota, sai sakata biyu ko huɗu da ke matse shi. Na mutum biyu tsawonsa kusan mita 2.1 ne, faɗi daga mita 1.2 zuwa 1.4. A rufe, wani bai wuce santimita 20 ba, wani ya haura 30. Masu kaurin nan suna barin ka ka rufe da bargo da matashin kai a ciki, kuma ranar da ka iso wuri da ƙarfe goma na dare a gajiye za ka san darajar wannan.

Buɗewar iri uku ce. Akwai mai tashi sak, murfin ya ɗaga gaba ɗaya ta kusurwa huɗu ya zama ɗan ɗaki, tsayin cikinsa wajen mita 1, ko'ina daidai. Maggiolina na asali haka yake, kuma da hannu ake juya shi kamar injin taliya, wasu ƙarafa masu kama da almakashi su ɗaga murfin, irin yadda jak ɗin ƙaramar mota ke aiki. Akwai mai hinji a gaba, wanda bayansa kaɗai ke tashi kamar bonet. Wajen kai akwai sarari har ka zauna ka sa riga, wajen ƙafa kuwa a matse. Na ukun shi ne wanda murfinsa ke tashi ta gefe sannan a warware wani rabin daɓe ya fito waje, tsani ya tokare shi, kamar Skycamp na kamfanin iKamper na Koriya ta Kudu. Wannan yana ɗaukar iyali, amma hinji da sassa sun yi masa yawa. Ga mai aikin daji ni na tsakiyar nake zaɓa, don dalili ɗaya: abin da zai lalace a jikinsa kaɗan ne.

Murfin kansa ko faiba ne, ko roba mai tauri, ko alminiyam. Faiba ba ya saurin ɗaukar zafi, kuma idan ya tsage masu gyaran bodi suna iya like shi. Roba ta fi arha da rashin nauyi, amma rana irin tamu tana cinye ta a hankali har ta fara tsagewa daga wajen sakata. Alminiyam reshe ya buge shi sai dai ya lotsa, ba ya fashewa, kuma da yawansu suna da layin dogo a sama da za a ɗaura farantin sola. Aibinsa shi ne yana ɗaukar zafi da sanyi da wuri.

Sandar da ke ɗaga murfin

Ba inji ba ne, ba lantarki ba ne. Ka san sandunan nan biyu da ke riƙe ƙofar but ɗin jif idan an ɗaga ta? Su ne, sai dai waɗannan sun fi tsawo. Bututu ne a rufe ruf, an ɗura masa iskar naitirojin da matsin da ya ninka na taya sau gomomi, da ɗan mai kaɗan, sai siririn ƙarfe mai sheƙi da ke shiga yana fita ta cikin wata roba da ke hana iskar tsira. Kullum iskar nan ƙoƙarinta ta turo ƙarfen waje. A kan fistin ɗin da ke ciki akwai ɗan rami da iska ke bi daga wannan gefe zuwa wancan, shi ya sa murfin ke tashi a natse maimakon ya yi tsalle ya buge ka a haɓa. Man kuma yana jiƙa robar, yana kuma tausasa ƙarshen tashin.

Za ka ce, to me ya sa sai an ɗan tura shi tukuna? Saboda lokacin da murfi ke rufe, sandar a kwance take kusan daidai da daɓe, ƙarfinta duk gefe yake tafiya, ba sama ba. Da ka ɗaga kamar taƙi ɗaya ko biyu sai ta samu kusurwa, ta karɓe aikin daga hannunka. Wajen rufewa ma haka ne a juye: farkon ja da igiya shi ne mai wuya, ƙarshen kuma nauyin murfin ke taimaka maka.

A jikin kowace sanda an rubuta ƙarfinta, lamba da harafin N a gabanta. Idan ka ga 400N, kusan nauyin kilo 40 ke nan take turawa. An zaɓi lambar ne daidai da nauyin murfin. Shi ya sa idan ka ɗora sola ko wani kaya a kai sai murfin ya ƙi tsayawa, dole a sauya sanduna masu ƙarfi. Idan kuma ka sa masu ƙarfin da ya wuce kima, rufewa ta zama kokawa, hinji ya riƙa shan wahala. Zafi da sanyi ma suna taɓa ta, tunda iska ce: duk digiri 10 ƙarfinta na sauyawa da kusan kashi 3.5 cikin 100. Tsakanin ranar Yola mai digiri 40 da asubahin Mambila mai digiri 10, kusan kashi 10 ke nan. Sabuwar sanda ba za ta nuna ba. Wadda ta fara gajiya kuwa da sanyin safiya take fara tona asirin kanta, ka ga murfi yana saukowa a hankali.

Maƙiyinta ƙura ce. Ƙurar da ta manne a ƙarfen tana shiga ta karce robar, iska ta riƙa zurarewa. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya shafa mata giris don ya kyautata mata, alhali tarkon ƙura ya haɗa. Tsumma mai tsabta kawai take so. Idan za a sauya, a sauya duka biyun tare, a tokare murfin da katako tukuna, a kuma ɗaura ta yadda ƙarfen mai sheƙi ke kallon ƙasa idan tanti na buɗe, don man ya zauna a kan robar. Tsohuwar da aka cire kada a huda ta, kada a kai ta kusa da wuta ko walda. Na faɗi haka ne don na san halin yaran gareji da son ganin abin da ke cikin abu.

Nauyi a tsaye daban, nauyi a tafiye daban

Nan ne zan daɗe. Kowace mota tana da iyakar nauyin da aka yarda a ɗora mata a rufi tana tafiya, kuma a littafinta ake rubuta shi. Yawancin motoci tsakanin kilo 50 ne da 100, da yawa 75. Mutum ya ga wannan sai ya ce to ai ni kaɗai na kai 80. Amma lambar ta tafiya ce. Idan mota na tsaye, nauyi a hankali yake sauka ta ƙafafun kariya zuwa ginshiƙan da ke tsakanin gilasai, waɗanda aka ƙera don su tare rufi ko da mota ta kife. A tsaye suna ɗaukar ninkin waccan lamba sau da dama. Kai da abokin aikinka da tanti, in dai kariyar ta kirki ce kuma a kan ginshiƙi ko mazaunin da kamfani ya tanada ta zauna, ba a tsakiyar falankin rufi ba, babu abin da zai lotsa.

A tafiye kuwa labari ya sauya. Duk ramin da taya ta faɗa, akwatin nan yana ɗagawa ya dawo, kuma a daidai lokacin da ya dawo ƙarfin da yake dukan kariya da shi ya ninka nauyinsa. Ka taka birki ya nemi wucewa gaba, ka sha kwana ya nemi fita gefe. A hanyar burji mai tsagin nan kamar allon wanki, wannan duka ba sau ɗaya ba ne, sau dubbai ne a cikin awa guda. Shi ya sa wasu masu ƙera kariya, irin su Rhino-Rack na Ostireliya, suke cewa idan za a bar kwalta a raba lambar da 1.5.

Mu yi lissafin tare. A ce littafin motarka ya ba ka kilo 100. Misali nake yi, naka ne alƙali, don lambar tana bambanta da shekarar mota da ƙasar da aka yi wa ita. Tantuna masu murfi yawanci daga kilo 55 zuwa 90 suke, mu ɗauki 70. Kariya ita ma a cikin lissafi take, kuma nan mutane ke mantuwa: cikakkiya tana kai kilo 25 ko fiye. Ga 95 tun ba ka sa bargo da tsani ba. A kwalta ka tsallake da ƙyar. A burji, 100 a raba da 1.5 ya koma kusan 67. Ka haura da kusan kilo 30. Kuma lambobi uku ne a wasan, ta mota, ta kariya, da ta ƙafafun kariyar. Wadda ta fi ƙanƙanta ita ce taka.

Sannan ba karyewa kaɗai ake gudu ba. Ka taɓa bin bayan motar da aka yi wa lodin buhunan gawayi har sama, ka ga yadda take rangaji a kwana? Kilo 95 a bayan Hilux ba komai ba ne, buhu guda ne. Kilo 95 a tsayin kusan mita 2 daga ƙasa kuwa yana jan motar gefe duk lokacin da ta karkata. Za ka ji shi a hawan Mambila daga Mayo Selbe, inda kwana ke bin kwana. Za ka ji shi idan taya biyu na gefe guda suka faɗa zaizayar ruwa. Inda ya fi haɗari shi ne kaucewar gaggawa, akuya ta faɗo titi ka murɗa sitiyari da gudu. Babu gyaran da ke kawar da wannan gaba ɗaya. Shokozoba masu kyau suna ragewa, sauran kuma rage gudu ne, da sauke duk wani kaya mai nauyi ƙasa. Jarkar mai da taya safaya ba su da wurin zama kusa da tanti a sama.

Wani direba ya taɓa dawo mini da motar da ni da hannuna na ɗaura wa tanti. Kwana biyu suka yi a burji. Ya ce tun jiya yake jin wani ƙwas-ƙwas a sama, ya ɗauka tsani ne. Na hau na kama gindin tantin na girgiza, sai ga shi yana motsi kamar haƙorin yaro. Daga cikin maɗaurai huɗu, noti biyu sun gudu, na uku da yatsa na kwance shi, tantin ya zame baya kusan faɗin tafin hannu. Laifina ne: noti na gama-gari na sa, kuma ban ce masa ya sake ɗaurewa ba. Tun daga ranar ba na sa kowane noti sai mai roba a ciki, wanda jijjiga ba ta kwance shi, ina kuma ja layin fenti daga kan noti zuwa jikin ƙarfe. Da safe kallo ɗaya ya isa: layi ya rabu, noti ya motsa. Ka sake bi da sifana bayan kilomita 50 zuwa 100 na farko, sannan kowace safiya idan kuna cikin gargada.

Ina za a ɗaura shi a Hilux

Rufin Hilux mai ƙofa huɗu gajere ne, tantin mita 2.1 zai yi masa yawa, ya leƙo gaba ko baya, ga lissafin da muka yi. Ni a baya nake ɗaurawa, a kan firam ɗin ƙarfe da ke tsaye a gefen bodin ɗaukar kaya. A can firam ɗin yana ɗaukar abin da rufi ba zai ɗauka ba, kayan gwajinka kuma suna nan a ƙarƙashi. Wannan firam shi ne aikin da mai walda na gida zai iya yi maka da kyau, in dai ya sa ƙarafan tokare a kusurwa don kada ya riƙa lilo. Tantin kansa kuwa ban ba ka shawarar a ƙera a gida ba. Na ga an gwada da baƙin ƙarfe, ya fito da nauyin da mutum huɗu ke ɗagawa da nishi, kuma ruwa na shiga.

Abu ɗaya da ba a yi: a ɗaure rabin tanti a rufin gaba, rabi a firam ɗin baya. Kan Hilux da bodinta kowanne zaman kansa yake yi a kan shasi. Idan mota ta hau gargada shasin na murɗawa, kai ya karkata nan, bodi ya karkata can; ka tsaya bayan wata Hilux tana tsallake kwata a karkace za ka gani da idonka. Duk abin da ya haɗa su da ƙarfi zai tsage, ko ya tsaga rufin. Bodin ƙofa huɗu kusan mita 1.5 ne, saboda haka gaban tantin zai leƙa saman rufi. Ba laifi, amma a bar tazara ta yatsu huɗu ko fiye don kada su riƙa gugar juna. Idan kana da rumfar faiba a bayan, kada ka ɗora a kanta sai in tana da ƙarfe a ciki da aka yi don ɗaukar kaya.

Mai zai ƙaru, babu makawa, kuma iska ce ke cin sa fiye da nauyi. Turjiyar iska ba daidai da gudu take hawa ba: ka ninka gudu, ta ninka sau huɗu. A cikin daji da kilomita 40 ba za ka lura ba, a titin Jalingo zuwa Yola da 110 za ka lura. Siririn tanti da ya ɓuya a bayan kan mota ya fi wanda ya yi tsaye a sama kamar rawani sauƙin sha.

Ƙura, zafi da ruwa

Ƙura dai robar bakin murfi ce ke tare ta. Ka gwada kafin ka biya: saka takarda a bakin, ka rufe, ka ja. Idan ta zare salin-alin, ƙurar hunturu ma za ta shiga, ka buɗe da dare ka tarar da katifa ta yi ja. Yawancin sakatun ana iya ƙara musu matsi. Zif shi ne na biyu da ƙura ke kashewa. Tsohon buroshin haƙori da ɗan gugar kyandir sun ishe shi.

Zafi kuwa kada wani ya ruɗe ka, a watan Afrilu babu tantin da ke da sanyi. Abin da yake ba ka shi ne tsayi: ka rabu da ƙasar da ta sha rana, ka samu iskar da ke kaɗawa a sama, ga raga a kowace taga, sauro ba ya shiga. Ka zaɓi mai ƙofa ko taga a gefe uku, murfinsa fari ko ruwan toka. Baƙi a hoto yake da kyau. Ƙaramar fanka mai caji tana sauya dare gaba ɗaya. Kunama da maciji ma ka yi nesa da su, amma takalmin da ka bari a gindin tsani bai yi ba, ka rataye shi a jaka.

Ruwan sama murfi ke tarewa, wannan ne ma fifikonsa a kan na tamfol. Yadin kirki haɗin auduga ne da zaren roba, kuma sabo yana iya ɗan yoyo ta wajen ɗinki. A jiƙa shi a bar shi ya bushe sau biyu ko uku kafin tafiyar farko, zaren ya kumbura ya toshe ramukan allura. Abin da ke ruɗa mutane shi ne su farka a wuri mai sanyi kamar Gembu su ga ruwa na ɗiga daga murfi alhali ba a yi ruwa ba. Numfashinsu ne ya taru a jikin murfi mai sanyi, kamar raɓa. Maganinsa a bar taga a ɗan buɗe ta gefe biyu komai sanyi, a kuma sa shimfiɗar raga a ƙarƙashin katifa don iska ta ratsa. Ka ɗaga katifar lokaci-lokaci ka duba. Idan dole ta sa ka rufe tanti a jiƙe, ka buɗe shi ya sha rana cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba fumfuna ta kama yadin, warin kuma ba ya fita.

Biyu ba na wasa da su. Kaskon gawayi ko risho ba sa hawa tantin nan ko da sanyi ya kai yaya. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari, wurin kuma ƙarami ne. Idan hadari ya taso da tsawa, a sauko a shiga cikin mota a rufe gilasai. Bodin mota na ba da kariya daga aradu, tantin da ke samanta ba ya bayarwa. Iska zalla kuwa, mai hinji yana jure ta sosai idan ka juya motar gefen hinjin ya fuskanci inda take fitowa.

Rufewa tana da 'yar dabara. Ka bar zif ɗaya a buɗe don iskar ciki ta samu hanyar fita, in ba haka ba yadin zai kumbura waje kamar balan-balan. Ka ja igiya har murfi ya kusa sauka, ka tsaya, ka zagaya kana cusa yadi ciki da hannu, sannan ka danne. Ɗan leɓen yadi da ya rage a waje ya isa ya jawo ruwan sama cikin katifa kamar lagwani. Wannan ma sai da na kwana a kan jiƙaƙƙen soso na koya.

Ko ya dace da aikinka

Ban ga motarka ba, ban kuma san yadda kuke tsara kwanakinku ba, to ga ma'aunin da nake ba kowa. Idan kullum a sabon ƙauye kuke kwana, abin nan zai biya ka: minti biyu ka buɗe, minti biyar ka rufe, babu share ƙasa, babu kafa turaku. Idan kuwa wuri ɗaya kuke yada zango kwana huɗu kuna fita gwaji da motar kuna dawowa, ka sani ɗakinka yana bin motar duk inda ta je, kullum sai an naɗe. A nan tantin ƙasa mai kyau da gadon zango sun fi, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar wannan ba. Na sanannun kamfanoni daga wajen dala 2,000 suke farawa, wasu su wuce 4,000, ban da jigila da kwastan. Na Sin sun fi sauƙi, a cikinsu akwai nagari akwai na banza, kuma wajen sakata da hinji da roba ake gane su. Duk wanda za ka saya, ka haɗo da sanduna biyu na ajiya.

Ka tuna kuma ba a tsayuwa a ciki. Alwala, sallar asuba, fitsarin dare, duk sai an bi tsani a cikin duhu, shi ya sa ba na ba dattijo ko mai ciwon gwiwa shawararsa. Dole motar ta tsaya daidai. Ka kwantar da gorar ruwa a kan bodi ka ga inda ta gangara, ka sa dutse ko katako a ƙarƙashin tayar da ta yi ƙasa, in ya ƙi daidaituwa kanka ya kasance a sama. Ka ja birkin hannu, ka bar ta a giya. Batun tsaro kuwa ka fi ni sanin yankin da kake aiki. Tantin nan yadi ne, daga nesa ake hango shi, kuma ba ka tayar da mota sai ka sauko ka rufe. A ƙofar gidan mai gari ko harabar da aka ba ku izini ake buɗe shi, ba a tsakiyar daji ba.

Kafin ka tura kuɗi, ka ɗauki tef ka auna ƙofar gidanka. Hilux kusan mita 1.8 ce, da firam da tanti za ta kai 2.1 ko 2.2. Wani da na ɗaura wa ya yi kwana biyar a daji lafiya lau, ya dawo gida da magariba, yaro ya buɗe masa get, ya shigo yadda ya saba shekara da shekaru, ƙarfen saman get ya kwashe murfin tun daga hinji. Idan an gama ɗaurawa ka sake aunawa daga ƙasa zuwa ƙololuwa, ka rubuta lambar a takarda, ka manna ta kusa da sitiyari inda idonka zai riƙa faɗawa.